Ramin Kwalaben Bature

Ni da yayana haƙar rijiya muka gada, ita ce kuma ta kawo mu Lome zamanin da Faransa ke riƙe da ƙasar. Muka sauka a Zongo, unguwar Hausawa, wajen wani ɗan garinmu. Tun rijiyar farko muka gane ƙasar nan ba irin tamu ba ce. A gida idan ka sara da dagi, ƙasa tana tsayawa inda ka bar ta. A nan kuwa yashi ne, kana ɗiba yana biyo ka. Ban taɓa shiga rami a garin ba tare da gabana ya faɗi ba, amma ban gaya wa kowa ba, domin Yaya ba ya son irin wannan magana.

Wata safiya kukun wani Bature ya zo neman mu. Ɗan ƙabilar Mina ta ƙasar ne, amma yana jin Hausa sosai. Ya ce maigidansa ɗan kasuwa ne mai kanti a unguwar Adawlato, ana kawo masa giyar inabi a jirgin ruwa, wata a ganga wata a kwalabe, amma zafin garin yana sa ta yi tsami kafin ya sha rabi. Shi ne yake so a haƙa masa ɗaki a ƙarƙashin ƙasa bayan gidansa, inda sanyi zai zauna daidai dare da rana.

Da na ji an ce giya, na ce wa Yaya mu ba da haƙuri. Shi tsoronsa daban ne: a lokacin ba a cika ce wa Bature a'a ba, baƙo irinmu kuma bai san abin da ƙi zai jawo masa ba. Muka je wajen limamin unguwarmu. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce rami dai rami ne, amma kada hannunmu ya taɓa kwalba, kada kuma mu ci abincin gidan. Bai yi mana addu'ar da ya saba yi idan za mu kama aiki ba. Wannan shirun ya tsaya mini a rai.

Muka fara. Muna haƙa muna tokare bango da katako, da nufin magina su zo su bi da bulo da siminti. Kullum da rana tsaka Baturen yakan sauko ta tsani da wani siririn gilashi mai jan zare a ciki, ma'aunin zafi, ya rataye shi a jikin katako, ya zauna yana jira. Idan ya duba sai ya girgiza kai, ya nuna ƙasa da yatsa. Yaya ma aikin ya shiga ransa, yana so ya ga jan zaren nan ya sauka, shi ne ma mai cewa a ƙara. Ramin ya wuce tsayin mutum biyu. Yashin ya fara fitowa da danshi, yana warin teku. Ana cikin haka aka yi kwanaki ana ruwa.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne. Ina sama ina jan kwando, Yaya yana ƙasa. Na ji katako ya yi ƙara, sannan wani sauti kamar an zazzage buhun gero. Da na leƙa, bangon gabas babu shi. Kansa kawai nake gani da kafaɗa ɗaya, fuskarsa duk yashi.

"Ƙane, kada ka diro," in ji shi, muryarsa can ƙasa. "Biyo tsani, a hankali."

Na san ina tsaye, ina jin kukun yana kiran maigidansa, amma na kasa ɗaga ƙafa sai da Yaya ya sake kira na. Na sauka ina tono da hannu. Duk abin da na kwashe, wani ya gangaro ya cike gurbin. Ina kallo yashin ya hau wuyansa, ya kai haɓa. Duk numfashin da ya fitar, ƙasar sai ta ƙara matse shi, ba ya iya mayar da kamarsa. Sauran bangon kuma yana tsiyaya a bayana.

Kukun ne ya tuna da ganga. Akwai wata babba da aka juye giyar cikinta, shi da Baturen suka fasa gindinta da gatari, suka zuro ta da igiya. Kukun ya ce in kifa ta a kan Yaya ta tare yashin. Na kama ta, cikinta ja wur, da laima, warin ya buge ni har idona ya kawo ruwa. Maganar Liman ta faɗo mini, amma ban tsaya ba. Na zura ta a kansa, aka jefo mini kwanon miya daga kicin, na cusa kaina ciki ina kwasa ina miƙawa sama, ina danna gangar tana nutsewa kaɗan kaɗan. Baturen ya kwanta rub da ciki a bakin ramin cikin farar rigarsa, yana karɓar kwanon yana zubarwa.

Da farko Yaya yana salati, ina jin sa a kunnena. Can sai ya yi shiru. A rayuwata ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Na riƙa kiran sa, ina share masa baki da yatsa, ina kuka ina kwasa. Sai da ƙirjinsa ya fito ya ja wani dogon numfashi mai gurnani, ya yi tari. Muka ɗaura masa igiya a hammata, ma'aikatan maƙwabta suka taru aka ja. Rana ta yi ja kafin a fitar da shi, ƙafarsa ta hagu ta gurɗe a gwiwa.

Sai wani tsoron ya taso. Mu duka biyu warin giya muke yi, rigunanmu sun rine. Aka ɗora Yaya a amalanke, na roƙi mai turawa ya bi da mu bakin teku, na wanke shi na wanke kaina, amma warin bai tafi ba. Muka shiga Zongo mutane na haramar magariba, kaina a sunkuye. Ashe labari ya riga mu. Maza suka karɓe shi suka kai ɗaki, aka kira mai ɗori. Bayan salla Liman ya shigo ya zauna a gefen tabarma. Na fara yi masa bayanin gangar. Ya ɗaga mini hannu.

"Ka wanke rigarka ka yi sallarka," ya ce. Sannan ya dafa goshin Yaya ya daɗe yana addu'a.

Baturen ya aiko kukun ya duba mu, ya ce idan mun bar aikin ba komai. Amma rami a buɗe haka haɗari ne ga kowa, don haka na koma tare da magina. Aka cike zurfin da ya wuce kima, aka yi bango mai kauri, aka sa ƙofa biyu, aka zuba ƙasa a kan rufin, aka yi masa rumfar ciyawa. A ciki aka jera katakai inda kwalabe za su kwanta, da buhunan algarara da kukun ke jiƙawa kowace safiya. Duk saukar da na yi, sai da na tsaya a tsakiyar tsani na duba bangon kafin in ƙarasa. Ranar da za a shigar da kwalaben ban je ba.

Yaya ya warke da ɗingishi, ya koma sayar da goro a kasuwar Asigame. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Matarsa ce ta gaya mini daga baya cewa ko ana sanyi ba ya yarda a lulluɓe shi, kuma ba ya barci sai ƙofar ɗaki tana buɗe.