Sandar da Hannun Baba Ya Iya Ɗauka

Mai karatu, ina gargaɗinka tun daga farko: za ka ci karo da maganar sandar kamun kifi a cikin wannan ta'aziyya, kuma ban yarda ka yi murmushin raini ba. Na san abin da nake rubutawa. Mai neman labarin benaye da motocin mamaci ya nemi wata takardar.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, jim kaɗan bayan la'asar, Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin maigidana, a gidanmu da ke Anaca, yana da shekara saba'in da takwas. Shekara ashirin da biyu ina zaune a gidansa, bakina bai taɓa furta sunansa ba. Yau ma alƙalami ne zai faɗa, sau ɗaya, don masu addu'a su san wanda suke yi wa: Alhaji Kallamu mahauci, mutumin Gusau.

Baba, lokacin da aka kawo ni daga Funtuwa ban san kowa a garin nan ba, ba na jin Ibo, ba na jin Turancin kasuwa. Kai ka zaunar da ni a tsakar gida ka koya mini gaisuwar maƙwabta, kana gyara mini har na daina jin kunya. Duk matar da ta haihu a layinmu, Musulma ko Kirista, ƙafafun saniya suna isa gidanta kafin kwana uku, kuma ba ka taɓa bari a faɗi daga inda suka fito ba, ko da yake kowa ya sani. Shekara arba'in kana kwata, ba a taɓa jin ka danne sikeli da yatsa ba.

Da ƙarfi ya ragu, ka bar wa 'ya'yanka wuƙa, sai ka ba kowa mamaki: ka koma bakin ruwa. Amininka Malam Yero, masunci mutumin Yawuri, shi ya koya maka fatsa a wani ɗan rafi da ke shiga kogin Kwara. Kowa ya san mahauta da masunta abokan wasa ne, don haka bai taɓa raga maka ba. In ya zo ɗaukarka da safe, daga zaure yake farawa: "Ina bawan nawa? Shanu sun kore ka, ka zo cin arzikin iyayen gidanka." Kai kuma ka ce, "Shigo a hankali, kada ƙarninka ya kashe mini kaji." Ba manyan kifaye kake nema ba. Ƙananan karfasa kake kamawa, masu faɗin tafin hannu, waɗanda huɗu suke cika kasko. Sandarka siririyar gora ce, da guntun tsohon silifas a jikin zaren don ya nuna maka in kifi ya taɓa.

Shekara biyu da suka wuce hawan jini ya taɓa maka ɓarin dama. Allah ya tashe ka, amma hannun bai koma yadda yake ba. Duk da haka ka ci gaba da zuwa rafi, likita ma ya ce fitar tana yi maka amfani. Sai gorar ta tsage ana gab da ƙaramar salla.

A nan muka yi kuskure, kuma da ni a ciki. Ƙanen maigidana, Imrana, da ke Fatakwal, ya ce a bar masa, zai kawo wadda ta dace da darajarka. Ya zo da wata sanda ta masu kamun kifin teku, kaurinta ya kusa na muciya, da wani ƙarfen naɗe zare mai sheƙi. Maigidana ya ɗaga ta, ya jinjina, ya ce, "Wannan ita ce sanda." Ni na naɗe ta cikin sabon yadi. Aka miƙa maka ranar salla a gaban baƙi. Ka karɓa da hannu biyu, ka sa albarka, ka yi ta sa albarka. Babu wanda ya lura cewa dole ce ta sa ka haɗa hannu biyun.

Daga ranar ba ka sake zuwa rafi ba. Malam Yero ya zo, ka ce ƙafa. Ya dawo, ka ce mura. Ka daina fita zaure, abinci ya fara dawowa rabi. Wata biyu cur kana ramewa a gabanmu, mu kuma muna ta canza magani.

Wata safiya na shigo share ɗakinka, na tarar kana ƙoƙarin ɗaga sandar da hannun dama. Sandar ta kuɓuce ta bugi ƙasa. Ka ce, "Ƙura nake goge mata." Na ajiye tsintsiya, na durƙusa, na ce, "Baba, don Allah ka faɗa mini gaskiya." Sannan ka ce, "'Yar nan, yaran sun zaɓa mini sanda yadda na koya musu zaɓen sa. A duba kauri, a duba nauyi. To laifin wa? In na ce ba ta yi ba, na kunyata Imrana."

Da na faɗa wa maigidana, ya ce gobe zai sayo ƙarama. Na ce a'a. An riga an sayo sau ɗaya. Wannan karon mai hannun ne zai je.

Muka hau keke napep mu uku, ni da kai da maigidana, zuwa Main Market, babbar kasuwar Anaca, wajen masu sayar da taru da ƙugiya. A ranar na ga mutumin da wata biyu ban gani ba. Mai shagon, wani Ibo mai fara'a, ya fara jawo manya, ka girgiza kai. Duk wadda ya miƙo, sai ka ɗora ta a kan yatsa ɗaya, gaba kaɗan da mariƙi. In ta rinjaya gaba, ka mayar. Ka ce tsawonta kada ya wuce tsayin mutum da taƙi ɗaya. Ka ce bakinta kaɗai ake so ya lanƙwasa, gindin ya tsaya. Zare siriri, ƙugiya ƙarama, domin bakin karfasa ƙarami ne kuma ba ta fizga, tsotsa take yi. Sanda mai nauyi, in ji ka, kurma ce: kifi zai cinye tana ya tafi, mai ita yana zaune yana jira.

Da aka rage saura biyu, ka ɗauki ɗaya ka ɗora bakinta a maƙogwaron mai shagon. Ya ja da baya yana dariya: "Papa, you wan kill me?" wato, Baba, kashe ni za ka yi? Maigidana ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, tsohon ya yi ritaya daga yanka. Ka ce ya yi magana kawai. Mutumin ya fara lissafa sunayen 'ya'yansa, kai kuma ka lumshe ido kana riƙe da mariƙin. Ta farko ka ce ba ka ji komai ba. Ta biyu ka yi murmushi, ka miƙo mini ka ce, "Riƙe ki ji." Wallahi muryar mutumin tana motsi a tafin hannuna. Ka ce, "Sandar da ta kawo magana za ta kawo taɓin kifi." Da hannun dama ka riƙo ta har gida.

Washegari Malam Yero bai gama sallama ba ka fito. Allah ya ba ka kusan wata bakwai kana zuwa rafi. Kumatu suka dawo, tsokana ta dawo. Ranar Asabar ta ƙarshe ka kawo karfasa tara, na soya, ka ci biyu, ka ce a kai wa maƙwabta sauran. Lahadi zazzaɓi ya kama ka. Talata ka cika da kalmar shahada, matarka Hajiya tana gefenka.

Ban rubuta wannan don in tozarta Imrana ba. Ƙauna ce ta sa shi, kuma na ga kukan da ya yi ranar uku da ya shiga ɗakin ya ga sandar da ya sayo a jingine. Amma ba zan ɓoye ba: cikin ɗan abin da ya rage wa tsohon nan a duniya, wata biyu mu muka cinye masa, da kyautar da ba mu tambaye shi ba. Ajali na Allah ne. Waɗannan kwanakin kuwa namu ne, kuma ba za su dawo ba.

Allah ya jiƙanka, Baba. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga surukata Hajiya Indo, da maigidana da ƙannensa na Fatakwal da Inugu, da 'yan uwa na Gusau, da jama'ar kwata, da Malam Yero wanda ya rasa abokin wasa. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu zuwan.

Hajiya tana nan da ranta, idonta ya fara rauni, kuma ta fi Baba kawaici. Saboda haka na tara 'ya'yana da ubansu na faɗa musu, kuma ina rubutawa don na nesa su ji: a gidan nan ba wanda zai ƙara saya wa tsoho komai, takalmi ne, tabarau ne ko sandar dogarawa, sai an durƙusa an tambaye shi, an sa masa abin a hannu ya juya da kansa. Wanda ya shigo da kyauta a naɗe, daga zaure zan mayar da shi, ko ni na haife shi, ko shi ya aure ni.