Kefas Mai Ƙara wa Lauje Tsawo

Faɗanmu na farko da Kefas a kan takardar ƙunshe daddawa ne. Shagon da ke ƙofar gidana, kan hanyar Dabai, shi na ba shi haya yana buga wa malaman makaranta takardu da kwamfuta. Abin da ya lalace yakan jefa a kwali bayan ƙofa, ni kuma in kwasa in ƙunshe wa masu saye. Ran nan na kwaso wasu farare tas, sai ga shi ya biyo ni har tsakar gida ya zare su daga hannuna.

"Kaka, waɗannan na jarrabawa ne. Ƙona su za a yi."

"Daddawar ce za ta karanta ta kai wa yara amsa?"

"Masu sayenta suna da 'ya'ya."

"To in masu kyau ne, me ya kai su kwali? In marasa kyau ne, me ya sa kake gumi?"

Ya rungume takardunsa ya fita, ni kuwa daga ranar na sa masa ido.

Ba baƙo ba ne a wurina. Ubansa marigayi Saje Philip ne, dogon mutum, sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Kefas kuwa uwarsa ya ɗauko, ɗan dunƙule. Gidansu kowa soja ne, shi ma ya tashi ba ya ganin komai sai kaki. Da aka zo ɗaukar soja ya san tsawonsa ba zai kai ba, sai ya yanko robar taya ya manna a dugadugansa, ya ja safa ya rufe. Mai awo ya ce kowa ya cire safa. Kafin ya iso gida labarin ya riga shi, har yau akwai masu ce masa Ɗan Taya in ya ba su baya. Kunya ta kore shi Kontagora, can ya koyi buga takardu wajen wani ɗan'uwan uwarsa, ya dawo da kwamfuta a buhu da gilashi a ido.

Da a ce haya kaɗai ke tsakaninmu, da ban damu ba. Amma jikata Hannah, wadda na raina tun tana goye bayan uwarta ta rasu, ta fara samun dalilin shiga shagon. Ita da ke aiki a asibiti, kullum da takardar da za a buga mata. Ba a jima ba 'yan'uwan Kefas suka aiko ana neman izinin aurenta. Uban Hannah ya ce magana tana hannuna, tunda ni na ci kashinta. Na ce a ba ni lokaci.

A zamaninmu ba a shan wannan wahala. Saurayi golmo yake yi, shekaru yana noma gonar surukai shi da tsaransa, kowa na ganin bayansa a rana, kowa na ganin kunyoyin da ya tayar. Rago ba ya ɓuya. Shi wannan fa, yana zaune yana danna yatsu, ta ina zan auna shi?

Na ɗauki kujerata na shiga shagon na ce ya nuna mini abin da ya lalata takardun nan na ranar. Jarrabawar ta wuce, don haka ya yarda. Ya buɗe mini su a fuskar kwamfuta, wadda ya yar da wadda ya gyara. Ban yi boko ba, amma na tsufa ina tsince tsakuwa a cikin acca, idona bai mutu ba.

Lissafin wani Malam Yazid ne, ya yi tsawo har layi ɗaya bai ɗauke shi ba, ya gangaro na biyu. A farkon layin sama akwai wani abu kamar lauje, su baka suke ce masa, shi ke buɗe magana. Ɗan'uwansa yana can ƙarshen layin ƙasa, shi ke rufewa. Na sama dogo ne, don ya rungumi lambobi masu hawa kan juna. Na ƙasa guntu, kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba.

"Na'urar layi-layi take aunawa," in ji Kefas. "In ta sauko ƙasa ta manta abin da ta gani a sama. Yaro kuma in ya ga guntu, ba zai gane shi ne ya rufe dogon ba, sai ya rikice."

A ɗaya takardar kuwa laujen biyu sun yi kai ɗaya.

"Me ka ba na ƙasan ya ci?"

Ya yi murmushi, irin na mai jin daɗin an tambaye shi. "Doguwar lambar nan ta sama na ɗauko na sa a ƙasa, na ce wa na'ura ta ɓoye ta, ta bar tsawonta kawai. Shi bakan da ya ji dogon abu a gefensa, sai ya miƙe."

"Ina take?"

"Tana nan, Kaka. Ba ta fitowa a takarda."

"Malam Yazid ya san da ita?"

"Bai tambaya ba."

"Robar taya," na ce.

Murmushin ya gudu. Ya cire gilashi yana gogewa da bakin riga. Sai ya danna wani abu, lambar ta bayyana a inda ya ce, ya sake dannawa ta ɓace. Wannan bai kwantar mini da hankali ba ko kaɗan. Mutumin da ya iya ɓoye abu ya bar nauyinsa, shi zan ba wa jikata?

Da damina ta faɗi na ce ina son ganin ɗan golmo, ko na gona ɗaya. Ina da fili a Dabai, na ce ya yi mini huɗar dawa. Hannah ta yi fushi, ta ce an daina wannan. Na ce ni ban daina ba.

Ban faɗa wa kowa ranar da zan je ba. Na hau babur da sassafe na dira. Kunyoyi sun miƙe sambal tun daga bakin hanya har gindin ɗorawa, ko uban Hannah a ƙuruciyarsa bai taɓa yin irinsu ba. Kefas na tsaye a tsakiya da garma, laka har gwiwa. Na wuce shi ina duban ƙasa. Ga sawun kofato nan an bi an shafe, amma ba duka ba.

Na juyo zan buɗe baki, ya riga ni.

"Shanun huɗar wani Mubarak ne na ɗauko daga garin Kanya. Nawa kunyoyin su ne can ƙarshe."

Na je na duba nasa. 'Yan layuka ne a karkace, kamar maciji ya ji sanda. Ya nuna mini tafin hannunsa, duk ya yi bororo ya fashe.

"Wa ya shafe sawun?"

"Ni."

"To me ya sa ka faɗa?"

"Na ga kin tsaya a kai."

Na dawo gida ina juya abin. Ɓoyewa dai halinsa ne, ba zai bari ba. Amma na san maza a garin nan da za ka kama su da akuya a kafaɗa su rantse gyale ne. Shi wannan in an sa masa ido sai ya danna abin ya fito. Hannah kuwa ni na raine ta, ido gare ta kamar shaho. Na aika wa ubanta na ce a sa rana, amma ban ce na yarda da yaron ba, kuma har yau ban ce ba.

Bayan biki ya sami aikin buga littattafan lissafi a Birnin Kebbi. In sun kira waya da Hannah kaɗai nake magana, don waya ba ta nuna ƙafar mutum. Ranar da za su tafi na raka su tasha. Ya durƙusa yana sallama, na ce ya tashi ya tsaya kusa da matarsa. Na dube su sama da ƙasa, na dubi takalminsa.

"Ɗan Saje," na ce, "Hannah ta fi ka da tafin hannu, na auna. Duk ranar da kuka zo na ga kun yi kai ɗaya, a gaban jama'a zan cire maka safa."