Ranar da Muka Tuƙa Irin Shukarmu

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina sai na lalubo su, amma ranar da wasu baƙi suka tambayi inda ake sayar da abinci a garinmu ba za ta bar raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Garin ɗan ƙarami ne, a gindin duwatsun ƙasar Doguwa. Can aka kai ni aure 'yan shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi. A saman dutsen da ke bayan gidanmu akwai kufan mutanen da, ganuwar duwatsu da ta zube, da duwatsun niƙa da suka lotsa, da ramukan da aka ce a ciki suke narka ƙarfe. Mu dai itace ne kawai ke kai mu can. Amma baƙi, musamman akawunan wajen haƙar kuza, sukan zo ran Lahadi su hau su yi ta kallon duwatsu, sai ka ce duwatsun za su buɗe baki su gaishe su.

A garin nan babu mai tallan tuwo, babu teburin mai shayi. Sayar wa baƙo abinci abin kunya ne da za a yi ta yi wa jikokinka gori da shi. Baƙo a zauren surukina yake sauka, don shi ne mai unguwa, kuma kafin ya gama shan ruwa akussa sun fara fitowa daga gidaje. Da wannan muke alfahari, har muna yi wa mutanen bakin hanya dariya, wai su tuwo ma sai sun sayar.

To, a shekarar da nake magana ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta yi ido ba. Kafin bazara rumbuna sun zama fayau. Mijina ya tafi ci-rani ya bar ni da goyo, ga surukaina biyu, ga ƙannensa ƙanana. Garin ɗorawa muke damawa mu sha, mu haɗa da ganyen da muka samo a bakin rafi. Abu ɗaya ya rage a gidan mai sunan hatsi: ɗan damin dawa farfara da Baba, surukina, ya zaɓa zangarniya-zangarniya, ya rataye a saman ɗakin girki inda hayaƙi ke kore ƙwari. Shi ne irin shukarmu. Yara na kukan yunwa a ƙarƙashinsa, amma ba wanda ya taɓa miƙa masa hannu, domin kowa ya san gonarmu ta damina mai zuwa ce a rataye.

Ran nan da hantsi sai ga baƙi a kan kekuna, samari masu fararen riguna, sun cika ƙofar gida. Ina bayan zana ina jin su. Suka gaida Baba da ladabi, sannan babbansu ya ce, "Baba, don Allah ina ake sayar da abinci a garin nan? Mun zagaya ba mu gani ba."

Na san bai faɗa da wata manufa ba. Amma da na leƙa, sai na ga fuskar Baba ta sauya.

"Sayarwa?" in ji shi. "'Ya'yana, ai ba kasuwa kuka zo ba, gida kuka zo. Ku hau ku ga abin da ya kawo ku. Kafin ku sauko an gama."

Suka yi godiya, suka jingine kekuna, suka hau dutse. Baba ya tsaya yana duban gidajen maƙwabta. Ranar kowa ya shige ɗaki ya yi tsit, ko tarin mutum ba ka ji. Ban ga laifinsu ba, me za su fito da shi? Sai ya shigo cikin gida ya tsaya a gaban surukata, wadda nake kira Inna.

"A sauko da dawar can."

"Malam," in ji Inna, "iri ne fa."

"Na sani."

"Ka ce musu babu mana. Yunwar nan ai ba mu kaɗai ta kama ba, kowa ya san da ita."

"Ubana bai taɓa ce wa baƙo babu ba. A bakina za a fara? Allah da ya kawo su, shi zai kawo wani irin."

Ni suruka ce, ba ni da bakin magana a gabansa. Inna ta kalle ni, na kalle ta, na hau turmi na kunto damin. Ni na sussuka shi, ni na surfa, ni na durƙusa a dutse na niƙa. Ina niƙa hawayena na ɗiga a kan hannuna, ina ji a raina kamar gonar ce gaba ɗaya nake murjewa. Inna ta kaɗa miyar kuka da ragowar daddawarmu. Da ƙamshin tuwo ya tashi, yara suka kewaye murhu suna haɗiyar yawu, ta kore su, ta ce na baƙi ne.

Sai wajen la'asar suka sauko, suna ta raha. Ashe a can sama sun tarar da wasu abokan aikinsu da suka hau ta ɗaya gefen, ɗauke da burodi da kifin gwangwani, sun ci sun yi nak. Da aka ajiye musu akussa, kowa ya yi loma ɗaya ko biyu don kara, ya suɗe yatsa. Babban nasu ya ciro kuɗi, Baba ya ture hannunsa. Sai ya ce, "Wayyo, Baba, ai da ba ku wahalar da kanku ba." Suka hau kekunansu suka tafi. Har yau in na tuna maganar nan sai ta yi mini ciwo, ga shi ba ni da wanda zan zarga a cikinsu, don ba su san abin da aka dafa musu ba.

Akussan suka dawo kusan a cike. Yara suka ci har suka kwanta a gefen tabarma suna dariya, rabonsu da ƙoshi tun kaka. Ni kam na kasa kai loma baki. Washegari aka yi ɗumame, shi ke nan an gama.

Ba a daɗe ba ruwan shuka ya sauka, mai kyau kuwa. Gari ya fita da sungumi, mu muna zaune a tsakar gida muna jin ƙamshin ƙasa. Ban taɓa ganin baƙin ciki irin na ranar ba. Maƙwabta kowa ɗan abin da ya ɓoye bai ishi gonarsa ba, balle ya sam mana. Kafin mijina ya dawo da ɗan hatsin da ya samo, lokacin shuka ya wuce. Mun shuka duk da haka, dawar ta fito ta yi kara, ba ta yi ido ba. Baba bai ƙara zama a zaure ba. Ko sau ɗaya bai ce ya yi kuskure ba, sai dai ya daina magana, kuma kafin wata bazarar muka binne shi. Muka tattara muka sauko Tudun Wada. A nan na kafa tukunya a bakin kasuwa ina sayar da tuwo, sana'ar da muke yi wa dariya, kuma da ita na ciyar da Inna har ta rasu.

Bayan shekaru masu yawa na koma garin gaisuwar mutuwa. Gidanmu ya zube, ciyawa ta cinye zauren, dutsen niƙana na nan a inda na bar shi. Ina tsaye sai wani baƙo da ya zo kallon kufai ya nuna dutsen, ya ce, "Iya, wannan ma na mutanen da ne?" Na ce masa e, nasu ne.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, karamcin da zai cinye irin shuka ba baƙo ake yi wa ba, tsoron bakin mutane ne. Baba mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma kalma ɗaya ta gagare shi, ta ci gidansa. Ni tun daga nan, in akwai ina bayarwa da hannu biyu, in kuwa babu, ina buɗe baki in ce babu.