Muryar da Ke Fito da Mu Daga Teku

Kullum kafin mu mata masu nutso mu shiga ruwa, Samchun Yang Bok-rye ta riga ta hau baƙin dutsen da ke bakin gaɓar ƙauyenmu a Jeju, da shayin sha'ir ɗinta a hannu. Samchun muke ce wa duk babba. Ba ta nutso. Tun da ciwon ƙirji ya raba ta da teku shekara talatin da ɗaya da suka wuce, aikinta ɗaya ne: ta ƙirga gorunanmu masu yawo a saman ruwa, waɗanda muke rataya wa ragar katantanwa, ta lura da sama, in ta ga abin da bai kwanta mata ba ta kira mu mu fito.

Ciwon ne ya bar mata wannan murya, kakkaura, dusasshiya, kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Yara kan kwaikwaye ta. Ita kuwa ko a jikinta.

Bara ƙungiyar masunta ta sayo usur mai tsananin ƙara, aka ce ta huta. Sun manta tsofaffinmu sun shekara hamsin a ƙarƙashin ruwa, kunnuwansu ba sa kama siririn sauti, ga ƙaro da suke toshe su da shi.

Ranar da hazo ya rufe teku tsakar rana, aka busa usur. Muka fito mu goma sha shida. Babu Kaka Bu Gye-wol, mai shekara saba'in da tara. A hazo ba ka sanin ina gaɓa take, igiyar ruwa kuma tana jan mutum can cikin teku.

Ke ce kika ture mai usur ɗin, Samchun. Ke ce kika yi ta kiran sunanta kusan awa guda ba tsayawa. Ina gefenki, na ga jini a hankicinki, kika ɓoye shi kika ci gaba.

Can sai ga goran Kaka yana tahowa.

"Bok-rye, rufa mana baki!" in ji Kaka tana haki. "Wannan tsohon injin naki ya kore min kifi duka."

"Kurmar banza! Ba ki ji usur ba?"

"Wane usur?"

Daga nan ba wanda ya ƙara yi wa muryar Samchun dariya, aka mayar da ita kan dutsenta.

Yanzu likita ya ce maƙogwaron Samchun ya gama aiki, ranar Asabar za ta sauka daga dutsen. Mun gode, mai tsaron rayukanmu. Ba a taɓa rasa mace ɗaya a zamaninki ba, kuma ba za mu fara yanzu ba.

Mu huɗu mun ba da sunayenmu, tana koya mana fito da kira daga ciki, ba daga wuya ba. Huɗu ba su isa su raba kwanakin mako ba. Duk wadda aka taɓa ce wa muryarta ta yi kauri, ta daina ɓoyewa. Ta zo bakin gaɓa ranar Lahadi da ƙarfe bakwai. Kaka Gye-wol ta ce za ta shiga ruwa, ko da mai kira ko babu.