Mu Biyu Muka Je Dala, Jagora Ya Ga Uku

Jama'a, wannan labari ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa komai ba. In ma akwai abin da na yi to ragewa ne, don akwai wuraren da har yau in na zo kansu sai in ji bakina ya yi nauyi.

A lokacin ina tuƙin tasi a Kano, ba a daɗe da mayar da tuƙi hannun dama ba, mu direbobi duk muna ta daburcewa a shataletale. Ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi ni da matata a gidan haya, kuma Gyaɗi-Gyaɗin wancan zamani ba wannan da kuka sani ba ce, gidaje ne tsilla-tsilla, in za ka Tarauni ta tsakanin gonakin gero da dawa za ka ratsa. To a Taraunin nan ƙanwar mahaifina take aure, Goggo Hajara, kuma a gidanta aka sauki wani tsoho ɗan'uwanmu, Baba Inuwa, ƙanin kakana. Tun yana ƙaramin yaro mahaifinsa ya haɗa shi da fataken goro suka tafi da shi Gwanja, daga can ya gangara Kumasi, ya yi aure, ya tsufa, bai sake taka Kano ba sai bayan da matarsa ta rasu zama kuma ya yi wa baƙi wuya a can. Hausarsa ma ta sauya, in yana magana sai mun kasa kunne sosai.

Kullum na je gaishe shi maganarsa ɗaya ce, yana so a kai shi kan Dutsen Dala ya ga faɗuwar rana. Goggo ta yi ta hana shi, ta ce Baba da wannan gwiwar taka ina kai ina hawan dutse, ni ma na ce mu je da safe mana da sanyi-sanyi, ya ce a'a, shi faɗuwar rana yake so, kuma ba ya son taron jama'a, daga shi sai ni sai wanda ya san hanya. Da na ga abin ya tsaya masa a rai har abinci ya rage ci, sai na ce to bari in nemo wanda zai hau da mu.

Abokan aikina direbobi suka kwatanta mini wani mutum da ke zaune a gindin dutsen, Malam Sabo, shi ne mai hawa da Turawa da sauran baƙi yana nuna musu gari. Na same shi a ƙofar gidansa yana ɗinkin hula, dattijo ne siriri mai 'yar furfura a gemu, ba shi da yawan fara'a amma ba shi da wulaƙanci. Na faɗa masa buƙatata, na ce mu kaɗai nake so, kada a haɗa mu da kowa. Da ya ji maganar faɗuwar ranar, sai ya ce shi bai cika son almuru ta same shi a sama ba, amma tun da tsoho ne ya roƙa zai yi, da sharaɗin rana na nutsewa mu juyo. Ya tambaye ni mu nawa ne, na ce mu biyu, ni da Baba. Muka daidaita, muka sa ranar Alhamis bayan la'asar.

Ranar na tashi aiki da wuri, na biya Tarauni na ɗauko Baba, ya sha farar riga da rawani kamar mai zuwa Idi, ya zauna a gidan baya da sandarsa. Ƙarshen damina ne, sama ta wanke tas. Muka shiga gari, na ajiye mota a inda lungu ya fara matsewa, Malam Sabo na tsaye yana jiranmu. Muna fitowa na ga ya ɓata rai, ya ja ni gefe ya ce, "Ba ka ce mini ku biyu ba ne?" Na ce mu biyun ne mana. Ya kalli bayana, ya kalle ni, ya ce to shi ke nan, ai ba laifi, sai dai da na faɗa masa da mace da ya zaɓi hanyar da ta fi sauƙi. Ni wallahi dariya na yi, don lungun cike yake da mata masu wucewa, na ɗauka wata ce ta tsaya kusa da mu ya zaci tare muke.

Muka fara hawa. Hanyar a lokacin ba ta da kyau, jar ƙasa ce da tsakuwa, ruwan sama ya zaizaye ta, ga duwatsu masu santsi. Malam Sabo na gaba, Baba na tsakiya, ina baya ina tallafe shi. Abin da na fara lura da shi, duk inda muka zo wuri mai wuya sai Malam Sabo ya tsaya ya jira, ko bayan ni da Baba mun riga mun haye, yana kallon ƙasa yana cewa a hankali baiwar Allah, taka nan, kauce wa wancan. Na ce a raina to fa, direbobi sun haɗa ni da mai taɓin hankali.

Mun yi kamar rabin hawan, Baba ya zauna kan wani dutse yana haki, sai Malam Sabo ya juyo kaina da faɗa sosai. Ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Mace tana ɗingishi, ko takalmi babu a ƙafarta, ka bar ta a baya ko waiwaye ba ka yi?"

Na waiwaya. Jama'a, babu kowa. Gangare ne kawai da ciyawa, sai wata akuya can ƙasa tana kiwo. Na ce Malam wace mace, ya nuna da hannu nan kusa, wurin da bai fi ka miƙa sanda ka taɓa ba. Na ce ni ban ga kowa ba. Ya kalli Baba, Baba ya ce shi ma bai ga kowa ba. A nan na ga fuskar mutumin nan ta sauya a gabana, ya sauke hannunsa sannu a hankali, ya fara karanta Ayatul Kursiyyu ƙasa-ƙasa. Ya ce mu juya yanzu-yanzu.

Ni har na kama hannun Baba zan tashe shi, sai ya fizge, ya tambayi Malam Sabo da wace ƙafar take ɗingishin. Ya ce ta hagu. Baba ya sake tambaya ko tana da tsage a kumatu, ko baƙin zanen saƙi ne a jikinta, ko ba ta da tsawo, Malam Sabo na amsawa da kai ba tare da ya kalli wurin ba. Sai tsohon nan ya fashe da kuka kamar yaro, ya ce mahaifiyarsa ce. A nan ya faɗa mana abin da bai taɓa faɗa wa ko Goggo ba: ana gobe fatake za su tafi da shi, uwarsa da ba ta so tafiyar ba ta jawo shi suka hau dutsen nan, da ƙafar tata mai ciwo, suka zauna har rana ta faɗi, ta ce ya kalli garin da kyau don ya san inda zai dawo ya same ta. Bai dawo ba, labarin rasuwarta ma sai da ya shekara kafin ya iske shi.

Muka yi lallashi, muka yi magiya, ya ce ko mu bi shi ko mu bar shi, shi sai ya kai sama. Kuma wallahi mutumin da ɗazu nake tallafewa ya miƙe ya kama hawa kamar saurayi, ni da ƙuruciyata da kyar nake cim masa. Ba yadda za mu yi mu bar tsoho shi kaɗai, muka bi shi. Ni dai tsigar jikina a tashe take, bayana kamar ana zuba mini ruwan randa, na kasa waiwayawa na kuma kasa daina son in waiwaya.

Muka kai sama rana ta yi ja tana gangarawa ta wajen Goron Dutse. Ga Kano nan shimfiɗe, soraye da kududdufai suna ƙyalli, hayaƙin girki na tashi unguwa-unguwa, ga hasumiyoyin babban masallaci, shirwa na ta shawagi ƙasa da mu. Wuri ne da ya kamata mutum ya ji daɗi, amma ni ban taɓa jin na tsani wuri kamar nan ba. Babu kowa a saman sai mu. Baba ya tambayi inda take, Malam Sabo ya nuna da haɓa. Tsohon nan ya je ya durƙusa a gaban fili, fili tsagwaronsa, ya cire rawaninsa ya ajiye, ya ce, "Inna, ga ni na dawo. Na daɗe, ki yafe mini."

Ya daɗe yana magana, wani abin ina ji wani ba na ji. Can sai Malam Sabo ya ce da wata irin murya, ta tashi, ta koma bakin gangaren can, tana yafitowa da hannu. Gefen da ya nuna ba hanya ba ce, wurin a tsaye yake, in ka zame sai dai a tsince ka a ƙasa. Baba ya miƙe ya nufi wurin. Na zabura zan riƙo shi, kuma abin da na ji a lokacin har yau ban iya kwatanta shi ba, ƙafafuna sun yi sakayau, kamar ba ni nake ɗaga su ba, kamar gangaren ne yake zuƙo ni. Ban ankara ba na ji an damƙi wuyan rigata ta baya an fizgo ni da ƙarfi har ta yage, na faɗi zaune. Malam Sabo ne. Sai da ya kayar da ni sannan ya wuce ya kamo hannun Baba, wanda ya riga ya tsaya da kansa yana lalube da sanda.

Daidai nan aka fara kiran sallar magariba, wannan masallaci ya ɗauka wancan ya karɓa, har garin duka ya amsa. Malam Sabo ya ce mu tafi, kada wanda ya juya. Yadda muka sauko ban sani ba. Muka yi salla a wani ƙaramin masallaci a gindin dutsen, ana sallamewa Malam Sabo ya shige gida ko sallamar kirki bai yi mana ba. Ni kuwa har da jin haushinsa, ina cewa tsoho na shirin faɗawa rami amma ni ya ga damar kayarwa.

Baba Inuwa tun daga ranar ya zama wani mutum daban. Ya koma cin abinci, yana raha da jikokin Goggo, kowa ya zo sai ya ce masa ai Inna ta zo ta tarye shi, sun yafi juna. Ni kuwa na yi kwanaki ina zazzaɓi, matata ta yi ta jiƙa mini rubutu. Da damina ta zagayo Allah ya yi wa Baba rasuwa a Tarauni, cikin sauƙi, bayan sallar la'asar.

Bayan an share makoki na ga ya dace in je in sanar da Malam Sabo. Ya yi wa marigayin addu'a, sai na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina, me ya sa ranar nan ni ya riƙe bai riƙe tsohon ba. Ya ajiye hular da yake ɗinkawa, ya ce da ban tambaya ba da ba zai faɗa ba. Ya ce ɗingishin gaskiya ne, shi ya gani da idonsa, amma sauran tambayoyin, tsage da zane da tsawo, ya amsa ne kawai don ya ga tsoho na kuka, shi a lokacin ya riga ya daina kallonta sosai. Ya ce shi a gindin dutsen nan aka haife shi, ya ji labarai iri-iri a kansa, amma wannan matar ba ta dutsen ba ce, da mu ta zo.

"Daga gidan gaba na motarka ta fito, kusa da kai," in ji shi. "Kuma tun daga ƙasa har sama ko sau ɗaya ba ta kalli tsohon nan ba. Yana durƙushe yana kuka, ita kai take kallo ta saman kansa. Da ta yafito ma, ba shi ta yafito ba."

Na ce to da muka sauko fa, ta zauna a can ko ta biyo mu? Ya ce bai duba ba, kuma da gangan ya ƙi dubawa.

Na tambayi mahaifiyata, na tambayi Goggo, na bi dangi na uwa da na uba ko an taɓa yin wata mai irin wannan kama, ban da mahaifiyar Baba babu wadda aka tuna. Na yi ta tunanin fasinjojin da na ɗauka a kwanakin, ban tuna wata mai ɗingishi ba. Ban taɓa buge kowa da mota ba, Allah ne shaidata. Malamai sun ba ni addu'o'i na riƙe, kuma alhamdu lillahi ban sake ganin komai ba, da ma can ni ban ga komai ɗin ba, wannan ne ma abin da ya fi damuna.

Shawarata gare ku, ku riƙe azkar na safe da na yamma, ku yi bisimilla kafin ku shiga mota ko da taku ce, kuma in za ku hau irin waɗannan tsofaffin wurare ku hau da rana tsaka ku sauko da haskenku. In kuma wani ya ƙirga ku ya sami fiye da yadda kuka san kun fito, kada ku yi dariya irin tawa, ku koma gida. Ni dai na tsufa yanzu, 'ya'yana ne ke tuƙa ni, amma har gobe in almuru ta same mu a hanya kuma akwai kujerar da ba kowa a kai, ba na kallon wajen.