Uwar Aro Ta Ranar Jarrabawa

A makarantar gwamnati ta rawar bale, rawar da ake yi a kan yatsun ƙafa, ranar ɗaukar sababbi, yarinya rabin jarrabawa ce kawai. Za a lanƙwasa ta, a miƙe ta, a ɗaga ƙafarta har kunne, a latsa bayanta kamar tunkiyar da ake ciniki. In an gama sai babbar malama ta leƙa baranda ta ce, "Ina uwar wannan?" To, nan ake faɗuwa. 'Yar shekara goma kowacce siririya ce. Abin da za ta zama a sha biyar yana can zaune a kan benci, rungume da jaka.

Burul, wadda ake kira eje, wato yaya ko malama, ta san wannan tun kafin ta san sunan rawar. Daga wani ƙauye a bayan garin Naryn aka kwaso ta, zamanin da malamai ke bin duwatsu suna neman ƙafafu. Suka ga uwarta doguwa, wuya kamar na barewa, suka ce jini mai kyau. Ashe ramar tarin fuka ce. Matar ba ta ga bazara ta biyu ba, amma dai ta ci wa 'yarta jarrabawa.

Shekara takwas Burul ta yi a makarantar kwana a Bishkek, hannu a sandar bango, tana jin yunwa bisa ƙa'ida. Ta fito ta shiga babban gidan wasa, ta shekara ashirin a layin baya. In ana son tsuntsaye ita tsuntsuwa ce, in furanni fure ce, akwai ma shekarar da ta yi bishiya. Venera, wadda suke raba bargo da ita a ɗakin kwana, ita ce a gaba, ita ake yi wa tafi. Da gwiwa ta ce ta gaji, aka sallami Burul da agogon bango. Ta koma karatu, ta samo shaidar koyarwa, ta kai makarantar da ta raine ta. Venera, wadda ta riga ta zama babbar malama, ta rungume ta, ta ba ta shayi da alewa, ta ce babu gurbi.

Shi ya sa ta ƙare a wani ɗakin rawa na kuɗi, a saman shagon tayoyi, tana fama da 'ya'yan masu hali da ake kawowa don su sa farin siket a ɗauki hoto.

"Miƙe bayan nan, 'yata, ke ba buhun dankali ba ce!"

Washegari uwar buhun ta zo ta kai ƙara wajen mai ɗakin.

Burinta ɗaya ne, ba ya da na biyu: kafin ta mutu ta zauna a babban gidan wasa, ta nuna wadda ke gaba, ta ce wa na kusa da ita, "Waccan ni na fara kafa mata ƙafa." In ba haka ba, me ta koyar a duniya?

Sai ga Tumar, 'yar Sonun mai tanderun samsa, gasasshen burodi mai nama a ciki, a gindin benen. Tana hawowa kawo wa malama abincin rana, ta tsaya bakin ƙofa tana kwaikwayo. Rannan Burul ta ce ta tuɓe takalmi. Da ta ga tafin ƙafar ya lanƙwashe kamar baka, sai da ta nemi kujera. Shekara biyu ta koyar da ita kyauta, ba ta taɓa yaba mata ko sau ɗaya ba, wanda a wajen masu wannan sana'a shi ne iyakar ƙauna.

Da jarrabawa ta matso, Burul ta sauko ta zauna a bencin Sonun tana kewaye-kewaye.

"Eje, ki faɗi abin da ya kawo ki mana, kin shanye min butar shayi guda."

"Ranar jarrabawa Jypar ce za ta raka ta."

Jypar matar ƙanen mijin Sonun ce, doguwa kamar falwaya, ko haihuwa ba ta taɓa yi ba. Sonun ta dubi kanta daga ƙirji zuwa ƙasa, ta goge gari a jikin zane.

"Wato ni ce matsalar."

"Ba ke ba, ƙanwata. Ƙugunki."

"Ai tare muke yawo da shi, eje, ba na barin sa a gida." Ta yi dariya ita kaɗai, ta yanke. "Na ɗinka sabuwar riga saboda ranar."

"Za ki sa ta ranar da ta fito a babban gida. Kujerar gaba, ni da ke."

Sonun ta sunkuya cikin tanderu, ta daɗe ba ta ɗago ba. Daga can ciki muryarta ta fito: "To."

Ranar, Venera ta juya yarinyar, ta matsa, ta ja, ta leƙa baranda. Jypar ta miƙe, sai da kai ya kusa taɓa fitila.

"Wannan ce mamanki?"

Tumar ta dubi Burul. Burul ta sami wani abu mai muhimmanci a jikin silin.

"Ita ce."

"Kai, Burul," in ji Venera, "sai da kika tsufa sa'a ta gane gidanki."

Shekara uku Burul ba ta taka ƙasa. Tumar ce ta ɗaya a aji. A ta huɗu jiki ya tuna inda ya fito. Tsawo ya tsaya cak, faɗi ya ci gaba da harkarsa. Tumar ta daina burodi, ta daina nama, ta koma ruwan zafi da rabin tuffa, 'yar mai samsa guda. Ta faɗi sau biyu a jikin sanda. Ƙashi dai bai san ana yunwa dominsa ba.

Venera ta bugo waya. "Ƙawata, wa yarinyar nan ta biyo ne? Ko a asibiti aka musanya ta?"

"Dangin uba," in ji Burul.

"To dangin uba su zo su ɗauki kayanta."

Tumar ta dawo gida tana sha biyar, yatsun ƙafa a karkace, tsararrakinta sun yi mata nisa a boko, ba ta iya kallon madubi. Burul ta koma hawa bene ta matakalar baya, wajen da ake zubar da tsofaffin tayoyi. Wata guda tana haka, gwiwa na zaginta, sannan ta daure ta zagayo gaba.

Tumar na tsaye bakin tanderu, baya a miƙe, dugadugai a haɗe, tana naɗe wa wani direba samsa.

"'Yata, ina neman mai taya ni da ajin ƙanana. Kina da hannu, kina da ido. Nan da ɗan lokaci sai ki nemi shaida, ki zama malama."

"Kamar ke, eje?"

Babu rashin kunya a ciki. Tambaya ce kawai, Burul kuwa ta shiga gyara jaka.

"A'a, eje. Na gode."

Sonun ta zaro samsa ɗaya mai zafi, mai kitsen jelar tunkiya, ta danƙa wa Burul a hannu. "Ci, eje. Mu nan ba ma auna kowa."

Da bazara Venera ta sake bugowa, wai bana ƙafafu sun yi tsada, ko akwai wata a saman tayoyin? A lokacin akwai wata 'yar ƙarama a ajin Asabar, 'yar mai gadi, wadda in ta yi tsalle sai ta ɗan manta da saukowa. Burul na kallonta ta madubi, waya a kunne.

"Babu kowa," ta ce. "Duk dankali ne."