Akwatin da Na Sauke Daga Bayan Jif

Gaisuwa gare ku da masu karanta wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan, yau dai na ce bari in kawo nawa, ko da yake ƙarami ne a idon wanda bai same shi ba.

A shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki na gama sakandare, ina zaune a gidanmu da ke Fagge ina jiran sakamako. Yarinya ce ni mai shiru, mai yawan zama a soron sama ina kallon shirwa na yawo a kan rufin Kantin Kwari, ina rubuta 'yan baitocin da ba wanda ya taɓa gani. Abu in ba shi da kyau ko ƙamshi, ba na ganin amfaninsa. Asalinmu Barno ne, kakanninmu suka zo Kano suka zauna, kuma duk wanda ya san gidajenmu ya san ba ma wasa da turare. Na tashi ina ganin Innata tana haɗa turaren wuta da humra, har na ɗauka duk wurin da ba ya ƙamshi ba a gama gyara shi ba.

A wannan shekarar Baba, wanda ke sayar da atamfa a Kwari, ya sayo wata ƙatuwar jif ta hannu, ruwan toka. Lokacin sabbin 'yan siyasa ne ke hawan irinta, don haka in muka bi ta shataletalen Bata sai ka ji 'yan kasuwa na ɗaga masa hannu suna kiransa ciyaman, shi kuma yana dariya yana cewa shi ƙaramar hukumarsa ba ta wuce rumfa ɗaya ba. Ranar da motar ta zo, kafin kowa ya shiga, Baba ya ɗauko wani tsohon akwatin ƙarfe ya ajiye a bayanta, ya ɗaure da igiya don kada ya yi ta yawo. A ciki akwai wayoyin jona batir guda biyu masu kauri, ja da baƙa, bakinsu kamar na kada, da jak, da sufanu, da tocila, da igiyar jan mota, da tsumma da ya sha baƙin mai. Ya ce mana duk abin da za a ɗauka a motar nan a ɗauka, amma akwatin nan ba ya sauka. Ya saba da doguwar hanyar Maiduguri tun yana saurayi, ya ce a can ya koyi cewa mota ba ta sallama kafin ta tsaya. Sau da yawa na ga ya faka da farar babbar riga, ya naɗe hannu, ya tayar wa mai tasi motarsa, mu kuma muna ciki muna jin kunya. Ni dai abin da na sani game da akwatin shi ne yana wari.

Ina da ƙawa tun daga aji ɗaya, 'yar Sabon Gari. Iyayenta mutanen Kudu maso Gabas ne, Kiristoci, amma a Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gishiri. Mahaifiyarta tela ce, muna kiranta Mama, ita ke ɗinka mana kayan salla. A shagonta na koyi shan miyar ganye mai yaji ina hawaye, ita kuma ƙawata a gidanmu ta koyi tsugunawa a kan kaskon turare. Ita kaɗai ta san ina rubuta baitoci, takan ce wata rana za a rera su a rediyo ita kuma ta ce wa mutane tare muka ci gyaɗa. Tun da jif ta zo ta sami abin tsokana. Takan ce yanzu na zama 'yar manya, motarmu ba za ta iya shiga lungunsu ba, ni ma na kusa daina iya shiga. Wasa take yi, amma akwai ɗan gaskiya a ciki, domin zuwana ya ragu, kuma na san tana lura.

Da damina mahaifinta ya rasu bayan doguwar jinya, danginsu suka ce Mama ta tattaro ta komo gida. Suka sa ranar tafiya, wata Lahadi, a doguwar motar nan ta Kudu da ke tashi daga Sabon Gari da yamma. Babbar damuwar Mama ita ce keken ɗinkinta, ba ta so a jijjiga shi a kura a cikin ruwa. Nan na ga hanyar da zan wanke kaina. Na yi musu alkawari cewa jif za ta zo har ƙofar gidansu bayan azahar, ta ɗauki keken da su duka ta kai su tasha. Ƙawata ta kalle ni ta ce in dai na zo, ta janye duk abin da ta taɓa faɗa. Ta ce a hanya za mu yi maganar yadda za mu riƙa samun juna, don su kansu ba su san a wane gari za su zauna ba tukuna. Lokacin babu wayar hannu. Baba zai yi tafiya Legas, amma ya yarda, ya ce Yayana ya tuƙa mu.

Da safiyar ranar na tashi da niyyar motar nan ta zama abin tunawa. Na buɗe duk ƙofofinta, na share, na goge. Da na zo kan akwatin sai na ga ba zai yiwu Mama ta yi tafiyarta ta ƙarshe a Kano tana shaƙar baƙin mai ba. Na kwance igiyar, na ja shi da ƙyar zuwa ɗakin ajiya, na kulle na maida wa Inna mabuɗi. Na shimfiɗa darduma a wurin, na sa kaskon turare a tsakiya. Na bar ƙofofin a buɗe, fitilun ciki na ci, na murɗa makulli na kunna kaset, na zauna a kujerar baya ina saurare ina tsara abin da zan faɗa wa ƙawata. Haka na wuni har azahar. Ban san cewa duk wannan daga jikin batir yake fita ba.

Da Yaya ya zo tayar da ita sai da ta yi nishi kafin ta kama. Ya ce ƙamshin nan ko amarya za a ɗauko, bai duba baya ba, ni ma ban gaya masa na sauke akwatin ba. Hadari ya haɗu, muna fita ruwa ya sauko, ya kunna fitila da abin share gilashi. A Bata na ce ya tsaya in sayi kilishi in ƙara a kan ƙunshin turaren da Inna ta ba ni in kai wa su Mama. Ya kashe motar. Da na dawo ya murɗa makulli, sai wani ɗan ƙas-ƙas kawai muka ji.

Kafin ka ce me, mutanen da suka fake a rumfuna sun fito, ka san Kano ba a barin mota ta mutu a gaban jama'a. Suka ce ɗan ciyaman ya saka giya ta biyu su tura. Yaya ya ce musu otomatik ce, ba ta tashi da turi. Wani dattijo mai goro ya ce shi tun zamanin Turawa yake tura mota, bai taɓa ganin wadda ta fi ƙarfin ƙarti ba. Suka tura ta har kusa da kwanar kasuwar Singa suka dawo da ita, suna haki, wani yana cewa ashe motar farar hula ma sai an lallashe ta. Wani mai tasi ya tsaya ya ce a kawo waya ya ba mu wuta. Yaya ya ce ai wannan mai sauƙi ne, ya zagaya ya buɗe baya. Ya daɗe yana kallon dardumar. Sannan ya juyo a hankali ya tambaye ni ko da humra za mu jona batirin. Mai tasin ba shi da waya, shagunan kayan mota kuma a rufe suke saboda Lahadi. Aka samo wata siririyar wayar lantarki, aka gwada, ta yi hayaƙi ta narke.

Yaya ya hau acaɓa ya tafi gida ɗauko akwatin, ya ce in jira. A nan na yi kuskuren da ya fi na farko. Daga inda nake zuwa gidan su ƙawata ba wata tafiya ba ce, da ƙafa ma zan iya. Da na je na ce musu mota ta lalace, da mun nemi wata dabara, da mun yi sallama. Amma na kasa jure tunanin in isa lungun nan a jiƙe, hannu rabbana, bayan duk abin da na tsara. Na zauna a cikin ƙamshi ina kallon ruwa na gangarowa a gilashi, ina ce wa kaina yanzu zai dawo. Shi kuwa ya tarar Inna ta tafi barka da mabuɗi a ɗaure a bakin mayafinta, sai da ya bi ta.

Har aka kira la'asar ina zaune. Da na ga rana ta yi sanyi sai tsoro ya kama ni, na bar wa dattijon nan mai goro motar, na rungumi ƙunshin turare na ruga. Na tarar da ƙofarsu da kwaɗo. Wata maƙwabciyarsu ta ce sun jira har Mama ta fara faɗa, daga baya suka ɗora keken a kura suka rufa masa leda. Ta ce ƙawata ce ta ƙarshe da ta bar bakin lungun, tana ta ce wa uwarta a ƙara ɗan jira, ita ta san ina hanya. Na isa tasha na sami wurin motar babu komai sai ruwa kwance da ɓawon lemo.

Da akwatin ya iso, tayar da jif bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba.

Baba ya dawo ya ji komai daga bakin Yaya. Bai yi mini faɗa ba. Washegari ya kira ni, ya buɗe gaban motar, ya sa na riƙe wayoyin da hannuna, ya nuna mini inda ja ke kamawa da inda baƙa ke kamawa, har hannuna ya yi baƙi. Ya ce in ɗaure akwatin da kaina. Da na tashi aure, a cikin kayan ɗakina mata masu jere suka ci karo da sabbin wayoyi, ja da baƙa, a naɗe cikin atamfa. Suka yi ta dariya suna tambayar ko bakanike na aura. Ni kaɗai na san saƙon. Suna bayan motar maigidana yanzu, tare da jak da tocila da igiya, kuma ba na bari a sauke su ko za a ɗauko amarya.

An sayar da jif ɗin tuni, lungun su ƙawata ya zama shagunan taya, kowa yanzu da waya a hannu, amma ba ni da lambar da zan kira. Ban sani ba ko har yau tana cewa ina hanya, ko a cikin motar nan ta yanke cewa wasan da take yi gaskiya ne.

Shawarata ga 'yan'uwana, musamman mata irina masu son komai ya yi kyau: abin da kuka tarar babba ya ɗaure a bayan mota, ku bar shi a inda yake, ko yana wari. Ku koyi amfani da shi tun ba ku buƙace shi ba. In kuma wani yana jiranku kuka makale, ku sauko ku tafi da ƙafa. Ƙawata ni take jira a bakin lungun nan, da na zo a jiƙe ma da ta karɓe ni.